Allon da Ya Ƙi Wankuwa

Surukina ya iso Alƙahira da jaka ɗaya da sanda, bayan yaƙi ya tashe su daga Umdurman. Bai taɓa ba mu labarin hanya ba, mu ma ba mu tambaya ba. Muka ba shi ɗakin da ke haɗe da baranda a ɗan gidan da muke haya a Ardul Liwa, hawa na huɗu, ni da matata muka koma falo.

Kakanninsa daga ƙasar Haɗeja suka taso da ƙafa za su aikin hajji, suka yada zango a Sudan, zangon ya zama gida. Can aka haife shi. Hausarsa garau take, sai dai Larabcin Sudan yana leƙowa cikinta nan da can. Alaramma ne na gaske, wanda ya rubuta Littafin Allah da ka tun daga farko har ƙarshe, kuma ba sau ɗaya ba. Ni kuwa ɗan Damagaram ne, karatu ya kawo ni, haddata irin ta zamani ce, mus'hafi a hannu, waya a kunne. A nan na haɗu da 'yarsa, ta waya ya ba ni aurenta, don haka ranar da ya sauka daga mota ita ce ranar da muka fara ganin juna.

Kowa ya san yadda ake zama da suruki. Ba na cin abinci a gabansa, ba na haɗa ido da shi, idan zan gaishe shi daga bakin ƙofa nake durƙusawa. A gida mai ɗaki ɗaya da falo wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Na sha cin wake da burodi a tsaye cikin kicin, ina sauri kamar wanda ya sato, alhali ni na sayo abina.

Sati uku da zuwansa matata ta same ni a kicin ɗin, ta rage murya.

"Malam, Baba fa yana cikin tsoro."

"Tsoron me? An kira daga can ne?"

"A'a. Karatunsa. Ya ce yana jin yana zame masa."

Sai ta yi mini bayani. Tun yana saurayi, kullum da hantsi yakan rubuta sumuni ɗaya da ka a kan allo, ya karanta, ya wanke, gobe ya ɗora daga inda ya tsaya. Idan ya kai ƙarshe ya koma farko. Da haka yake kiwon haddarsa sama da shekara hamsin. Allon na icen aduwa ne, mahaifinsa ya sassaƙa masa, kuma yana can jingine a ɗakin da ya fita ya bari. Tun da ya baro gida bai rubuta ko harafi ɗaya ba. Ta saya masa littafin rubutu da biro, ya ce biro ya fi zuciyarsa gudu, kuma takarda ba a wanke ta. Ta kawo masa farin allon roba na 'yan makaranta, ya shinshina alƙalamin, ya ajiye, ya yi mata addu'a.

Mutumin da ya rasa gida da gari, abin da ya rage masa shi ne abin da ke cikin kansa. Na ji tausayinsa ƙwarai. Amma in faɗi gaskiya ba tausayi kaɗai ba ne. Ina so ya ga cewa wanda ya ba wa 'yarsa ta waya yana da amfani. Na ce mata ta bar mini, ni zan samo allo.

Na zaga wuraren masu sayar da katako, na tambayi icen aduwa da sunansa na Larabci, aka riƙa dubana kamar na ce a sayar mini da ƙahon raƙumi. A shagunan 'yan Sudan na ga wasu ƙananan alluna na ado, masu walƙiya, waɗanda ake ratayewa a bango. Ko tafin hannu biyu ba su kai ba.

A lokacin ina aiki a wani kamfanin kwashe kayan gida a Muhandisin, irin masu jigilar kayan ma'aikatan ofisoshin jakadanci. Saboda Faransanci suka ɗauke ni, ni ne mai magana da masu kaya, kodayake idan firji ya ƙi hawa bene ba a tuna cewa tafinta nake. Wata Laraba aka tura mu Dokki sauke kayan wata mata 'yar Kanada, dattijuwa mai furfura. Cikin kayanta akwai manyan akwatunan katako guda biyar. Abokan aikina suka ɗauko ƙarfe za su farfasa su yadda suka saba, sai ta yi tsalle ta tare. Ta ce a cire ƙusoshin a hankali. Mahaifinta ne ya haɗa akwatunan da hannunsa kafin ya rasu, yana da ɗan injin tsaga katako a bakin teku, can yammacin ƙasarsu.

Ni aka bar wa cire ƙusa. Da na ɗaga katakon farko sai na tsaya. Fari ne, miƙaƙƙe, babu ko ido ɗaya a jikinsa, faɗinsa ya haura taƙi, kuma ba shi da nauyi ko kaɗan. Na shafa shi, na sake shafawa. A raina na riga na ga allo.

Ta lura da ni. Ta zo ta zauna a kan wani kwali, ta ce iri biyu ne, kodayake baƙo ba ya rabewa. Ta nuna mini fari mai ɗan sheƙi da ƙanshin danƙo kaɗan, ta ce wannan sufurus ne. Ta nuna ɗayan, mai ɗan ja-ja da wasu siraran baƙaƙen zane, ba shi da ƙanshi, ta ce wannan hemlok. Sunayen ba su yi mini kama da komai ba, har yau ma ban san ko ina faɗarsu daidai ba. Daga nan ta buɗe wayarta. Abokan aikina suna ta kirana, yalla, yalla, wai in yi sauri, ni kuwa ina tsugune ina kallon dajin da ban taɓa zaton akwai irinsa ba.

Ta ce a can kusan duk shekara ruwa ake yi, idan ya ɗauke kuma sai wani farin hazo mai laima ya taso daga teku ya kwanta a kan itatuwa. Sufurus shi ne mai tsayawa a gaba, daf da ruwan gishiri, iskar teku ba ta dame shi ba. Hemlok kuwa a bayansa yake, a inuwa. Yana iya yin shekaru masu yawa yana ɗan ƙarami a ƙarƙashin manya, yana jiran wani ya faɗi haske ya shigo, kuma kansa kullum a sunkuye yake, da shi ake gane shi daga nesa. Saiwoyinsu ba sa nitso sosai, tun da ba sai sun je neman ruwa ba, don haka babbar iska ce take kayar da su, gobara ba ta cika zuwa ba. Ta nuna mini wani hoto: wani ƙaton ice a kwance, gansakuka ta rufe shi, a gadon bayansa kuma ƙananan itatuwa sun fito a jere. Ta ce a ƙasa tsiro ba ya samun wuri, ganye da gansakuka sun yi yawa, saboda haka yawancinsu a kan gawar wani suke fara rayuwa. Icen ya ruɓe a ƙarƙashinsu, su kuma su tashi da saiwa a bubbuɗe, da rami a tsakiya inda yake a da.

Na ce mata a garinmu idan ice ya faɗi ba ya kwana, kafin azahar mata sun raba shi. Ta yi dariya, ta ce su ma sun yi nasu rabon, da manyan injuna. A zamanin mahaifinta dutse guda ake askewa tas, a sake shukawa. Sabbin suna saurin girma don babu mai tare musu rana, amma katakonsu ba ya kama ƙafar na tsofaffin. Ta juya mini bakin katakon, ta sa farce tana bin wasu layuka sirara da suka matsu da juna. Kowane layi shekara ɗaya ne. Na sabon daji layukansa a warwatse suke. Ta ce yanzu a wasu wurare ana barin tsofaffin, ana kuma barin na bakin rafi domin kifi yana son inuwa da ruwan sanyi, amma har gobe ana rigima a kan nawa za a sare, nawa za a bari. Ta faɗi haka ne da muryar wadda ta yi wannan rigimar a cikin gidansu.

Na roƙe ta guda biyu, ɗaya daga kowane iri. Na ce zan yi wa surukina abin rubutu. Ta ba ni da murna, ta ƙara da cewa in kiyaye su da laima, don itatuwan nan ko da yake a cikin ruwa suke girma, katakonsu ba ya jure jiƙewa da bushewa. Na nuna mata sama ta taga, na ce a garin nan sai a yi wata da watanni ba a ga ɗigo ba. Muka yi dariya tare. Ko kaɗan bai faɗo mini a rai ba cewa allo kullum sai ya yi wanka.

Wani abokin aikina ya kwatanta mini shagon wani usta, wato gwanin masassaƙi, a bayan Wustul Balad, tsakiyar birni, mai haɗa udu, garayar Larabawa mai ƙaton ciki. Ya ce hannunsa yana da tsabta. Na ɗauki katakona na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa da su, ina ba mutane haƙuri. Na zana wa usta siffar allo a takarda, da kansa da kafaɗunsa da ɗan lanƙwason ƙasa inda yake zama a cinya. Bai ko dubi takardar ba. Ya ɗauki farin, ya riƙe shi da yatsu biyu a kusa da kunnensa, ya ƙwanƙwasa da gaɓar yatsa. Katakon ya amsa da wata ƙara mai tsawo, kamar an taɓa ƙwarya sabuwa.

"Daga ina ka samo wannan?" in ji shi.

Na gaya masa. Ya tambayi me za a yi da allon, na ce za a rubuta da tawada, a wanke, a sake rubutawa.

"A wanke? Da ruwa? Kullum?" Ya dafe kai. "Ya ustaz, haram alek, ka ji tsoron Allah. Wannan na sauti ne, da shi ake yin fuskar udu. Ga rashin nauyi, ga ƙarfi a tsaye, amma fatarsa laushi gare ta, duba." Ya danna farce, wurin ya lotsa. "Ka bar mini shi, in ba ka katakon zan, mai tauri ne, in yanka maka allonka, khalas, shi ke nan. Wancan mai ja-jan ma bai dace ba, ya ɗan fi tauri amma tsagewa yake."

A nan wayona ya tashi. Shekaruna a Alƙahira sun koya mini cewa idan mai shago ya kushe kayanka sannan ya ce ka bar masa, to ka riƙe abinka da hannu biyu. Kuma a garinmu idan masassaƙi ya sami ice fari, miƙaƙƙe, marar ido, ai ya gama samun allo. Na ƙara wa kaina hujja cewa tsoho ne, marar nauyi ya fi masa. Na ce wa usta na gode, a yanka yadda na zana. Ya dube ni, ya dubi katakon, ya ce ma'alish, wato a yi haƙuri, ban sani ba ko da ni yake ko da shi. Ya yi aikin kuwa da kyau, ya goge su sumul.

Ban miƙa wa surukina da hannuna ba, matata na ba wa ta kai masa, ni ina laɓe a falo ina saurare. Can na ji ya ce, "Masha Allah," sau biyu. A ranar ya aika aka sayo masa ƙaro a shagon 'yan Sudan, ya kankare baƙin gindin tukunyar shayi, ya haɗa tawada a wata 'yar kwalba, ya fiƙe alƙalamin kara da reza. Washegari da hantsi na leƙa ta labule. Yana zaune a baranda a kan darduma, allo a cinya, alƙalamin yana wannan ƙaramar ƙara da na rabu da ji tun ina gida. A ƙasa masu tuktuk, keke mai ƙafa uku, suna ta hon, mai sayar da gas yana buga tukunyarsa da ƙarfe, shi ko a jikinsa. Na tafi aiki ranar ina jin kaina wani babba.

Matsalar ta fito tun wankin farko. Tawadar sama ta tafi, amma inuwar rubutun ta zauna. Tsakanin layukan nan da matar ta nuna mini akwai wuri mai taushi, shi ya shanye baƙin. Da allon ya bushe sai fuskarsa ta tashi da kaushi. Ya shafa masa farar ƙasa yadda suke yi a Sudan, ta ɗan rufe, amma bakin alƙalami yana ratsa ta ya bar ɗan kwari a jikin katakon. Mai ja-jan bai sha tawada kamar farin ba, sai dai kwana goma ya yi ya kantare, ya tsage daga kafaɗa. Ya naɗe shi a tsumma ya ɗora bisa kabad, tun da abin da ayoyi suka zauna a jikinsa ba a yar da shi. Ya ci gaba da farin. Bai yi ƙorafi ba ko sau ɗaya, wannan ya fi ƙona mini rai. Na so in koma wurin usta in karɓi katakon zan ɗin, kunya ta hana ni, ina ta cewa gobe.

Ruwan wankin allo ba ya zubar da shi a magudana. Yakan kurɓi kaɗan, ragowar ya zuba a tukunyar na'ana'a da matata take shukawa a baranda, sannan ya jingine allon a bango ya sha iska. Da la'asar yana tafiya masallacin unguwa, ba ya dawowa sai an yi magariba. Wata rana na dawo aiki da wuri, na fita baranda kwaso shanya. Rana ta karkata, haskenta ya kwanta a kan allon ta gefe, sai ga rubutun safe ya fito tsaf a cikin ƙananan kwarin da alƙalami ya bari. Hannunsa kyakkyawa ne, na tsaya ina karantawa don sha'awa kawai.

A layi na shida na tsaya. Duk mahaddaci ya san akwai ayoyi masu kama da juna a surori daban-daban, farkonsu ɗaya, sai a gaba su rabu. Ya shiga ayar a surarta, ya fita ta ƙarshen 'yar'uwarta da ke wata sura can nesa, ya yi layi ɗaya a can, sannan ya dawo. Na ce idona ne. Na ɗauko mus'hafi na gwada. Ba idona ba ne. Na karkata allon, na bi inuwar rubutun kwanakin baya da ke ƙarƙashi, abin da zan iya tsinta a ciki. Na sami wani wurin inda aya guda ta faɗi gaba ɗaya.

Na zauna a ƙasa riƙe da zanen gado. Da a ce allon aduwa ne, da ruwa ya tafi da komai tun da safe, babu wanda zai sani. Ni na kawo katakon da ya tona shi, kuma ni ne mutum ɗaya a gidan da zai iya karanta abin da ya tona.

Abin da aka koya mana a fili yake. Kuskure a Littafin Allah ba a yi masa kara, ko liman ne ya yi a cikin salla, na baya yana buɗa masa. Na san wannan, na ci jarrabawa a kansa. Amma ta yaya zan durƙusa a bakin ƙofar mutumin da ko ruwa ba na sha a gabansa, in ce masa Baba ka yi ɓata? Na gaya wa matata. Ta taso mini.

"Kai har ka isa? Baba ya rubuta shi da ka kafin a haife ka!"

Na miƙa mata mus'hafin, ta ƙi karɓa. Ta juya tana wanke kofin da yake a wanke. Can ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, "Jiya ya tambaye ni sunan unguwarmu ta can. Don Allah kada ka faɗa masa. Shi ke nan abin da ya rage masa."

To, sai na ɓullo da dabarun matsorata. Da safe in kunna karatun surar da yake ciki a waya, in ƙure murya, in ajiye kusa da ƙofarsa kamar mantuwa na yi. Ya aiko matata ta ce a rage, yana rikita shi. Sai na sayo samfefa, takardar nan ta goge katako. Kullum idan ya tafi masallaci in ɗauki allon, in duba, idan na ga wuri in goge fuskar gaba ɗaya har kwarin ya ɓace. Katakon laushi gare shi, ba ya gardama, minti kaɗan ya koma fari fat kamar ba a taɓa shi ba. Garin da ya zuba in tattara a takarda in juye a tukunyar na'ana'a, don ban san inda ya halatta in kai shi ba. Na gaya wa kaina gyaran allo nake yi. Ba kullum ake samun kuskure ba, wani lokaci kwana uku lafiya lau, har in fara murna, rana ta huɗu in gani. Na yi kusan wata guda a haka, kuma ban taɓa jin na raina kaina kamar a watan nan ba.

Ran nan na dawo da samfefata a aljihu, na tura ƙofar baranda kai tsaye, sai ga shi zaune. Ya yi la'asar ya dawo. Na yi baya da sauri zan fita.

"Shigo, ya waladi. Ja ƙofar."

Na durƙusa, idona a kan tayil. Ya ɗaga allon ya auna shi a tafin hannu.

"Allona yana ramewa," in ji shi. "Na'ana'a kuma tana cin garin katako. Ban san gara tana hawa bene na huɗu ba."

Zufa tana bin bayana.

"Tun kwana na uku na gani," ya ce. "Kafin kai. Na wanke, na jingine, na dawo zan ɗauka, sai ga shi yana kallona. Na ce wa ya rubuta wannan? Hannuna ne. Allona na gida da ya shanye maganar, ya rufa mini asiri, har ni kaina ban sani ba. Wallahi ban san tun yaushe nake yi ba, ko tun muna can ne. Wannan icen naka na ƙasar ruwa ba shi da kara ko kaɗan."

Na ce, "Baba, a yi mini afuwa. Laifina ne, an gaya mini bai dace da allo ba, na ƙi ji. Gobe zan kawo mai tauri."

"Ba maganar ice nake yi ba." Muryarsa ta canja. "Na bar shi a nan kullum, na juya fuskarsa wajen rana, don na san kana da hadda. Ina jira ka zo ka ce mini, Baba ga wuri. Sai ka sayo abin goge katako. Kai da kake karatu a babbar makaranta, haka aka koya muku? Ka ga ɓata a maganar Allah ka share ta daga allo, ka bar ta a cikin kaina?"

Na so ƙasa ta buɗe. Na ce, "Kunya ce, Baba."

"Na sani. Ta yi kyau, an gode. Ka ci gaba da cin abincinka a kicin in kana so. Amma wannan ba nawa ba ne da za ka ji kunyata a kansa, ajiya ce aka ba ni. Idan zan mayar, ina so in mayar da ita daidai."

Akwai kujerar roba guda ɗaya a barandar, wadda yake zama a kai idan gwiwa ta dame shi. Ya tura mini ita da sandarsa, ya ce in ɗauko mus'hafi in zauna. Na ɗauko mus'hafin, amma na ce kujera kam ba zan iya ba, yana ƙasa. Ya ce mai riƙe da Littafi shi ke sama, ba don ni ba ne. Na ɗosana a bakinta, rabin jikina a waje. Ta bayan labule ina jin numfashin matata.

Ya gyara zama, ya harɗe ƙafafu, ya ɗora hannuwa a gwiwa yadda masu biya karatu suke yi a gaban malaminsu. Ya faɗi surar, na buɗe. Ya yi basmala ya fara. Muryarsa ƙasa-ƙasa ce, da irin karin mutanen Sudan, kowane harafi yana fita daga mazauninsa. Shafi ɗaya ya wuce, ina bi da yatsa, babu ko wasali da ya goce. Na fara fatan za mu kai magariba a haka.

A tsakiyar shafi na biyu ya iso ɗaya daga cikin ayoyin nan masu 'yan'uwa. Ya karanta farkonta, ya zo daidai inda hanya take rabuwa, ya tsaya. Ya koma baya ya sake tahowa, ya sake tsayawa a wurin. Leɓɓansa suna motsi, babu abin da ke fita. Bai yi cinke ba, bai kuma dube ni ba, ya rufe ido yana jira.

Kalmar tana ƙarƙashin yatsana. Na faɗe ta a hankali, da ƙyar ni kaina na ji.

"Ɗaga murya," in ji shi. "Kunnen ma ya tsufa."

Na faɗe ta da ƙarfi. Ya maimaita sau uku, ya haɗa ta da abin da ke gabanta da abin da ke bayanta, hawaye yana bin gemunsa bai share ba.

"Na gode, malam," ya ce, ya ci gaba.